Kare Ba Ya Rasa Ubangida Sai Ran Da Ya Yi Ɓarna

Duk wanda ya san ƙasar Kimba, cikin Ƙaramar Hukumar Jega ta Jihar Kebbi, ya san kaka ba ta kawo wa manomi hutu. Da an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, sai hankali ya koma fadama. Daga Kimba zuwa Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, ba abin da a ke zance sai irin albasa, da dashe, da injin ban ruwa, da kuɗin mai. To, daga wannan lokaci har faɗuwar ruwa, ƙararraki su kan yawaita a ƙofar mai unguwa. Wata ta kan iyaka ce, wata ta bashi, wata ta ɓarnar awaki. Amma akwai wata ƙara wadda mutane su ke renawa, har a kan yi dariya in an kawo ta, watau ƙarar kare. Alhali kuwa ba abin dariya ba ce. Ta kan raba maƙwabtan da suka tashi tare, matansu suna ɗiban wuta a gidan juna, har a kai ba mai ce wa wani sannu. Wani lokaci ma ba a nan ta ke tsayawa ba, ta kan kai ga rai.

Yadda Rigimar Ta Ke Somawa

Ga yadda abin ya kan faru. Manomi ya kwashe albasarsa ya jibge a rudu, yana jiran ta yi daraja. Ga kuma inji da tiyo a bakin rijiyar fadama, waɗanda sai da ya ci bashi ya saya. Ɓarayi sun taɓa shi bara, bana ba ya so a maimaita. Sai ya nemi ɗan kwikwiyo wajen wani mafarauci, ko a rugar Fulani, ya kai gona. Muddin albasa tana nan, kare yana cikin gata: ga ƙanzo, ga ragowar tuwo, ga ruwa a kasko. Ran da mota ta zo aka loda buhuna aka yi Kudu da su, ran nan gatan kare ya ƙare. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya sake tunawa da shi. Sai ya biyo maigidan zuwa gari, ya kwanta a bakin zaure, har yunwa ta tashe shi.

Kare mai jin yunwa kuwa bai san danga ba. Yau ya shiga gidan maƙwabci ya lashe tukunyar miya, gobe ya fasa akurki ya shanye ƙwan zabi, jibi ya janye naman da aka shanya. Uwargida ta gaya wa mijinta sau ɗaya, sau biyu, har ya gaji ya taka zuwa zauren mai kare. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, karen nan naka ya sake shiga mana gida daren jiya, ya kashe 'yan tsaki uku." Shi kuwa ko gezau, sai ya ce, "Haba Alhaji, wane kare gare ni? Ai karen gari ne, biyo ni kurum ya ke yi." Alhaji ya haɗiye fushinsa ya koma gida. Bayan kwana biyu yaransa suka tare karen da jifa, suka karya masa ƙafa. Kafin la'asar sai ga Malam a fusace yana cewa, "Wa ya ba ku iznin taɓa mini kare?"

A nan gizo ke saƙa. Kare guda ne, ran da ya yi ɓarna ba shi da ubangida, ran da aka yi masa ɓarna sai ubangida ya fito. Galibin rigimar kare da a ke kai wa mai unguwa, in an bi salsalarta, a nan za a tarar da ita. Sabo da haka maganar wannan mako guda ce: wanda ya ajiye kare ya karɓe shi da amfaninsa da wahalarsa duka, ran albasa da bayan albasa. In ba zai iya ba, kada ya ajiye. Shi kuma maƙwabcin da aka cuta yana da hanyar neman haƙƙinsa, amma hanyar ba ta bi ta kan jifa ko guba ba.

Abin Da Malamai Suka Ce

Wasu maƙwabta, da zarar magana ta tashi, sai su ce ai tun farko ma bai kamata Musulmi ya ajiye kare ba. Wannan magana tana bukatar gyara. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai ko'ina cikin ƙasar Gwandu, ya hana ajiye kare a gida haka kawai, amma ya keɓe iri uku: na gadin shuka, da mai bin dabbobi kiwo, da na farautar neman abinci. Manomin da ya kai kare rudun albasa bai fita daga cikin ukun nan ba. Haka Bafulatanin da karensa ke kwana a gefen garke, musamman cikin 'yan shekarun nan da satar shanu ta yi yawa a wannan yanki na Arewa. Wanda biri ya taɓa yi wa ɓarna a gonar masara kuwa ba sai an gaya masa amfanin kare ba.

Amma iznin yana tafe da nauyi. Kowa ya ji labarin mutumin da aka gafarta masa sabo da ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba sabo da kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa in mutum yana da kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai yi kome ba, to, abin da karen ya ɓata bayan gargaɗin yana wuyansa. A lura da wannan magana ta gargaɗi, gama za a dawo gare ta a gaba.

Haƙƙin Da Ke Kan Mai Kare

Na farko, ci da sha. Kare ba ya shiga gidan wani don ƙiyayya, ciki ne ke kai shi. Ba a ce a yanka masa kaza ba. Ragowar tuwo, da dusa dafaffa, da ɗan ƙashi daga wajen mahauta, sau biyu a yini, sun isa su hana shi leƙa tukunyar mutane. Mai cewa, "Mutum ma bai ƙoshi ba, ina ga kare?" ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar a kansa ta ke. Wanda ba shi da abin ciyar da kare, ba shi da iznin ɗora ciyarwar a kan akurkin maƙwabcinsa.

Na biyu, tsarewa. A ɗaure kare da rana, lokacin da yara ke wucewa makaranta, 'yan talla ke shiga gida gida, kaji ke kiwo. Da dare a sake shi a inda a ke so ya yi gadi, watau cikin darni ko a gona. Wasu su kan ce karen ɗaure ba ya gadi. Ai karen da ya yini yana yawon juji, ya kwana yana bin karya a wata unguwa, shi ne ba ya gadi, gama ran da ɓarawo ya zo ba a gida zai same shi ba.

Na uku, ɗaurin ya zama na tausayi. Wannan ya fi shafar akawuna da 'yan kasuwa a Jega da Aliero, waɗanda yanzu su kan sayo karen Turawa mai yawan gashi da kuɗi masu tsoka, wani don gadi, wani don sha'awa kawai. Sai a zuba shi cikin keji na kwano, maigida ya kulle ya tafi ofis ko kanti. A watan Maris da Afrilu zafi a wannan ƙasa ya kan wuce digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke fid da zafin jikinsa. In babu inuwa, babu ruwa, sai ya yini yana kuka ya kwana yana haushi. Maƙwabcin da ke da mai jego ko majinyaci a ɗaki ba ya runtsawa. Da safe kuma a wanke keji, ruwan ya biyo rariya ya kwanta a ƙofar wani, inda yara ke wasa, inda a ke shimfiɗa tabarmar salla. A nan kam in maƙwabci ya yi magana ba shisshigi ya yi ba. A kafa turke ƙarƙashin bishiya ko rumfa, igiya ta yi tsawo, kasko kada ya bushe, kashin kuma a kwashe a binne.

Na huɗu, haihuwa. Karya tana ɗaukar ciki wata biyu ne kawai da 'yan kwanaki, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara. 'Yan kwikwiyon da aka rasa yadda za a yi da su aka kai juji aka zubar, waɗanda suka rayu cikinsu su ne karnukan garin baɗi. Wanda ba ya son 'ya'ya ya tsare karyarsa lokacin da ta ke neman barbara, ko ya nemi malamin dabbobi ya yi wa karensa fiɗiya.

Ɓarnar Da Ido Ba Ya Gani

Akwai wata hasara wadda sakakken kare ke jawo wa masu kiwo, su kuwa ba su san daga inda ta fito ba. Cikin hanjin kare a kan sami tsila iri iri. Ƙwayayenta suna fita tare da kashinsa, su zauna kan ciyawa da bakin ruwa. Tunkiya ko saniya ta ci, sai abin ya zama ƙulli mai ruwa a hantarta ko huhunta. Wani iri ma ƙwaƙwalwa ya ke hawa, a ga tunkiya tana ta juyawa wuri ɗaya har ta mutu. In an yanka dabbar, mahauci ya ga ƙullin, sai ya yanke ya jefa wa karen da ke tsugune bakin kwata. Kare ya ci, tsila ta sake tsirowa a cikinsa, ya koma fadama ya zuba. Haka abin ke zagayawa. Mutum ma ya kan kamu in ya ci ganyen lambu wanda ba a wanke sosai ba.

Maganin wannan ba wuya. Sarkin Fawa ya hana jefa wa karnuka hanta ko huhu mai ƙulli, a ƙone ko a binne da zurfi. Mai kare kuma ya ba shi maganin tsutsa bayan kowane wata uku. Wanda ya yi turkar rago wata shida don Babbar Salla, shi ya fi kowa riba in an yi haka.

Laifin Maƙwabci

To, an faɗi na mai kare, saura na ɗaya ɓangaren. Maƙwabcin da ya gaji da kai kuka ya kan ce shi zai yi wa kansa magani. Sai ya sami tsokar nama ko dunƙulen tuwo, ya zuba shinkafar ɓera ko ragowar maganin feshin gona, ya ajiye bayan danga da dare. Kowa ya yi wannan ya sani ya harba kibiya cikin duhu. Guba ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Kaza ta kan riga kare zuwa, akuya ta kan lasa, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya tsinta baki ya ke kaiwa. Karen da ya mutu aka jefar a bayan gari, ungulu ta sauka ta ci, ita ma ta bi shi. Ungulu kuwa ita ce duba-garin daji, ta riga ta yi ƙaranci ƙwarai, har ɗaya bayan ɗaya a ke rasa ta a kwatar garuruwa. In ta ƙare, mushe ya zama rabon karnuka, su ƙara yawa. Ashe mai guba ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Ban da wannan, kashe dabbar wani ko azabtar da ita laifi ne a gaban alƙali tun zamanin dokar Final Kot ta 1960. Mutumin da jiya shi ne mai ƙara a kan 'yan tsaki uku, yau ya koma wanda a ke ƙara. Kuma kashe kare ɗaya ba ya rage karnukan gari. Muddin juji yana nan, kwata tana nan, wani zai zo ya maye gurbinsa, wanda ba a ma san daga inda ya fito ba, balle a san lafiyarsa.

Hanyar da ta dace ita ce wadda malamai suka nuna. A je wa mai kare da shaidu biyu, dattawan unguwa, a gaya masa cikin mutunci, "Malam, ga abin da karenka ya yi, muna roƙonka ka tsare shi." In ya musa cewa nasa ne, shaidu su tambaye shi gaban jama'a, wa ya kawo shi gari, a ƙofar wa ya ke kwana. In bai gyara ba a kai wa mai unguwa, daga nan hakimi, daga nan uban ƙasa. Daga ran da aka yi gargaɗin nan, duk abin da kare ya ɓata biyansa ya hau kan mai shi, ba kuwa sauran cewa karen gari ne.

Babbar Magana: Haukan Kare

Duk abin da aka faɗa a baya na dukiya ne, dukiya kuwa a kan mayar. Ran da kare ya ciji yaro, ran nan ne rigimar maƙwabta ta ke iya zama ajali. Ga abin da ya kan faru. Uban yaro ya fito da sanda, samari su taru su kashe karen nan take, su farfasa kansa, su ja shi bayan gari. Ko kuwa mai karen, don tsoron biya, ya yi sauri ya kore shi, ko ya sayar wa masu sayen karnuka waɗanda ke kwasa su kai kasuwar Dawaki a Jihar Filato, gari ya waye ya ce shi bai san inda ya shiga ba. Manya suna ta cacar baki kan wanda zai biya kuɗin magani, yaro yana zaune da rauni an ɗaure masa da tsumma. Bayan mako guda rauni ya warke, kowa ya manta.

Ciwon haukan kare kuwa ba ya mantuwa. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu sannu tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Galibi ta kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da wuya da hannu ya fi saurin kaiwa, shi ya sa yara suka fi shiga haɗari, gama tsawonsu daidai bakin kare ya ke. Ran da alama ta bayyana, watau zazzaɓi, da firgita, da tsoron ruwa har mutum ya kasa haɗiye ko kurɓi ɗaya, to, ba likitan da ke da dabara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, 4 cikin 10 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukan masu kamuwa daga kare su ke samu. Ba mutum kaɗai ba, saniya da jaki da akuya duk suna kamuwa in mahaukacin kare ya cije su.

Abin baƙin ciki shi ne mutuwar nan tana da rigakafi tun da daɗewa. A shekarar 1885 wani masani a Faransa, Luwi Fasto, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Tun daga ran nan aka san in an hanzarta, ana riga cutar isa ƙwaƙwalwa. Ga abin da za a yi, kowa ya riƙe shi kamar karatun allo:

A wanke raunin nan take da ruwa da sabulu, a yi ta kwarara ruwa har minti 15. Ko yaƙushi ne kawai, ko lasa a kan gyambo, a wanke. Kada a cusa ƙasa, ko toka, ko barkono, ko ƙonannen gashin karen, kamar yadda wasu ke yi.

A kai asibiti ran nan, kada a kwana. A faɗa wa malamin asibiti cewa cizon kare ne, a nemi allurar haukan kare, in babu a nan a tambayi inda za a samu, ko da Birnin Kebbi ne. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranaku dabam dabam, sai a cika duka. Aliero ta yi suna wajen ɗori, ba mai musun wannan, amma cizon kare ba karaya ba ne.

A kama karen da dabara, a ɗaure shi wurin da ba mai kusantarsa, a ba shi ci da sha, a zuba masa ido kwana 10. Dalili kuwa, karen da cutar ta riga ta sauko yawunsa ba ya wuce kwanakin nan bai nuna alama ko ya mutu ba. In ya cika kwana 10 garau, hankalin kowa ya kwanta, likita ya faɗi abin da za a yi da sauran allura. Amma fa kada a ce sai an ga ƙarshen kwana 10 za a soma allura, tare a ke yinsu.

Alamun mahaukacin kare su ne sakewar hali, da cizon duk abin da ya gani har itace da dutse, da dalalar yawu, da shaƙewar murya. Wani kuwa ba ya faɗa, sai ya yi lamo, muƙamuƙinsa ya saki, bakinsa a buɗe. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale. In ya zama tilas a kashe shi don ba ya kamuwa, kada a fasa kan, gama ƙwaƙwalwar ce a ke aunawa. A kira malamin dabbobi ya san yadda za a aika da shi wurin bincike.

Yanzu mai karatu ya duba. Karen nan da fushi ya sa aka farfasa kansa, ko tsoro ya sa aka ɓatar da shi, shi kaɗai ne shaidar da za ta nuna ko yaro yana cikin haɗari. Uban yaro da mai kare, ko sun so ko sun ƙi, cikin kwana 10 ɗin nan bukatarsu ɗaya ce. Maganar wanda zai biya ta jira, a fara kai yaro asibiti. Biyan kuwa, in za a bi gaskiya, na mai kare ne.

Abin Da Gari Zai Yi

Tushen maganin duka shi ne yi wa karnuka allura tun ba su kamu ba. Ana soma yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a karɓi takardar shaida a adana. Ba sai an je wata ƙasa neman ta ba, gama ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun tabbatar in an yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar ta kan rasa hanyar yaɗuwa. Da haka ƙasar Meziko ta raba mutanenta da haukan kare, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida mata a shekarar 2019. Kuɗin allurar kare ɗaya kuwa bai kama ƙafar kuɗin allurar mutum ɗaya da aka ciza ba. Rigakafi ya fi magani.

Manomi zai ce, "Malamin dabbobi ba zai taso daga Jega don karena guda ba." Gaskiya ne, allurar ma sanyi ta ke so, ba ta jimre yawon rana. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar unguwa. Hakimi ya kira Sarkin Noma, da Sarkin Baka, da Arɗo, da masu unguwanni, kowa ya kawo lissafin karnukan mutanensa, a rubuta kowane kare da sunan mai shi. Sa'an nan a tsai da rana guda, a gayyaci malamin dabbobi, a tara su a yi musu gaba ɗaya. Ranar 28 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya, tun 2007 a ke yin ta, wani lokaci gwamnati ta kan yi allura kyauta a daidai wannan lokaci. Ga shi kuwa ta faɗo gab da kaka, kafin a kai karnuka fadama. Kansiloli kada su ce ba ruwansu. Tsarin Mulki na 1999 ya sa kula da ajiye irin waɗannan dabbobi na gida da yawonsu cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma, kamar yadda ya sa kasuwa da kwata da tashar mota.

Littafin nan na lissafin karnuka, ko da na kwabo ne irin na 'yan makaranta, zai kashe rabin rigimar da ke zuwa ƙofar mai unguwa. Da an kawo ƙara sai a buɗe a duba. Wanda sunansa ke ciki ba shi da bakin cewa karen gari ne. Wanda ya yi wa nasa allura, ya tsare shi, yana da takardar da zai nuna in an yi masa ƙazafi, yana kuma da ikon neman diyya in an kashe masa shi a kan zalunci.

Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Amma albasa ta shekara ce, kare ma in ya daɗe shekara goma da 'yan kai, maƙwabci kuwa shi ne mai fara zuwa ran gobara, shi ne mai ɗaukar makara. Manomin da zai kai kare fadama bana ya tambayi kansa tun yanzu, wa zai ciyar da shi ran da aka loda buhu na ƙarshe? In ya sami amsa, to, madalla. In bai samu ba, ya ɗauki tabarmarsa da tocila ya kwana a rudu da kansa.

Allah ya ba da rani mai albarka, ya kiyaye yara da dabbobi, ya zaunar da maƙwabta lafiya, amin.